Banɗakin da Nicanor Ya Zaɓa wa Matarsa

A gadar katako ta garin Luperón, inda jiragen ruwa ke tsayawa, babu mai kiran Nicanor Brito da sunansa sai matarsa. Kowa Likita yake ce masa. Ba likitan mutane ba ne kuwa, likitan banɗakin jiragen ruwa ne. In ka ga Bature ya fito saman jirginsa da safe yana toshe hanci yana surfa masifa da yarensu, to ka ɗan dakata, yanzu za ka ga kwalekwalen Nicanor ya nufi wajen, shi a tsaye, bokiti a gabansa, tsumma a kafaɗa.

Tun yana saurayi yake wannan aiki. Duk shekara in lokacin guguwa ya kawo kai, jiragen Turawa sukan cika mashigin tekun nan namu su laɓe a bayan kurmi, kuma kowane jirgi da cutar da ya zo da ita. Mai inji yana da mai gyaransa, mai walda yana da nasa. Amma banɗaki, ina! Kowa sai ya kau da kai. Nicanor ne kaɗai ya ce a kawo, ai abin da mutum ya ci ne jiya, ba na aljanu ba.

Ba ya fara kwance komai. Sai ya jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ya naɗe tiyo da shi, ya bari ya huce, ya fita da shi iska ya sansana. In tsumman ya ɗauki wari, tiyon ya mutu ke nan, ko da a ido sabo ne fil. In kuwa toshewa ce, ya san ruwan gishiri da fitsari ne suka haɗu suka zama dutse a ciki. Sai ya zaro tiyon ya kawo gada ya yi ta maka shi da katako, farin ɓawo yana zubowa. Masu buga domino, wasan jera ƙwayoyi a tebur, a ƙarƙashin bishiya su ce, “Yau ma Likita na dukan macijinsa.” Shi kuwa ba ya jin rabin abin da suke faɗa, don ƙarar injina ta daɗe da cinye masa kunnuwa. Sai dai ya ɗaga hannu ya yi murmushi.

In mai jirgi ya tambaye shi wane iri zai saya, amsarsa ɗaya ce kullum: “Na hannu. Wanda za ka buga da hannunka, in ya lalace a tsakiyar teku ka kwance shi da sukudireba da ɗan man girki ka tayar da shi. Na lantarki ranar da batir ya mutu, ranar za ka san bokiti ɗan’uwanka ne.” Ya faɗi wannan magana har yara sun haddace ta.

Matarsa, Doña Casilda (Doña shi ne lakabin girmama mace a wajenmu), ita ce mai ɗinka rumfunan jirage, kuma ita ce muryar farko a mawaƙan coci. Mace ce mai kunya irin ta mutanen da, wadda yanzu ko da fitila ka nema ba ka samu. In aka tambaye ta sana’ar mijinta sai ta ce yana aikin famfo, ta canja zance. Ba ya taka jirginsu da yamma sai ya tsaya a famfon bakin gada ya wanke jikinsa da sabulu da lemun tsami, ita kuma tana tsaye da tawul tana duba masa farce. Ba raini ba ne, kada wani ya ce raini ne. Ita ce ke ɗinka masa kayan aiki, kuma ranar da wata mata ta kira shi mai kwasar kashi a kasuwa, sai da aka riƙe Casilda.

A jirgi suke zaune. Wani tsoho ɗan Kanada ne ya bar wa Nicanor shi da ƙarfinsa ya ƙare ya koma ƙasarsu, a shekarar da ambaliya ta cinye gidan da suke haya. Jirgin ba ya tafiya ko’ina, ɗaure yake a ƙarshen gada. Da farko Casilda kuka ta yi ta yi. Amma kafin shekara ta zagayo ta jera gwangwanaye a samansa ta shuka ganyen miya, ta rataya labule, ta kafa hoton Budurwa Maryamu a kan ƙofa. Har ya zama in ta je birnin Santiago wajen ’yarsu Yudelka ba ta iya barci. Ta ce gadon ba ya motsi.

Duk tsawon zamansu a wannan ɗan akurkin jirgi, Nicanor bai taɓa sanin lokacin da matarsa take shiga banɗaki ba. Ko dai ta aike shi sayen burodi, ko ta ƙara wa rediyo murya. Ya san da haka sarai, har yakan tsokane ta, ya ce, “Tsohuwa, ni fa likitan abin ne, me za ki ɓoye mini?” Ta ce, “Likitan na Turawa ne. Tashi ka sayo burodin.”

Ana nan sai wata safiya kofin kofi ya suɓuce daga hannunta, bakinta ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki. Allah Ya taƙaita, magana ta dawo, ƙafar dama tana janta, amma hannun dama ya tafi ke nan. Abin mamaki, jirgin ya fi mata gida sauƙi, don ko’ina ta juya akwai abin kamawa. Tana iya tashi, tana iya dafa kofi da hagu, tana iya hawa ’yar matakalar ta zauna a sama. Abu ɗaya ne ya gagare ta, famfon banɗaki. Yana gefen dama, yana da tauri, kuma sai an yi ta bugawa kafin ya share.

Nicanor ya ce ai ba komai, in ta gama ta kira shi ya buga. Ta yi masa wani irin kallo, bai ƙara maimaitawa ba.

Yudelka ta zo daga Santiago da jakar magunguna da shawarar da ta riga ta yanke tun a mota. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan uwar ne da ita sak.

“Baba, ba zan bar Mama a nan ba,” in ji ta. “Ina da ɗaki, ina da banɗaki na mutane, ga asibiti kusa.”

“A bene, hawa na huɗu,” in ji Casilda. “Ki kai ni can ki rataye kamar shanya?”

“Mama, ko ruwan banɗaki ba kya iya kora wa kanki.”

“Rufe mini baki, marar kunya! A gaban ubanki?”

Nicanor ya shiga tsakani. Ya ce, “’Yata, ki ba ni zuwa Kirsimeti. In kin dawo kika tarar uwarki ba ta iya yi wa kanta komai, ni da kaina zan ɗora ta a mota. In kuwa tana iyawa, ki bar mini matata.”

Yudelka ta share ido ta ce ta ji. Ta tafi, ta bar su da wannan wa’adi a wuya.

Daga ranar barci ya ƙaurace wa Nicanor, don bai taɓa zaɓen banɗaki da zuciyarsa a ciki ba sai wannan karon. Ya gwada mayar da famfon hagu, wuri ya ƙi, kuma hagun nata ba shi da wannan ƙarfin. Ya kawo zancen irin busasshen nan da ake zuba wa ɓawon kwakwa a rufe. Casilda ta ce ita ba kyanwa ba ce. Bokiti kuwa ko sunansa bai ambata ba, yana son kansa da lafiya.

Sai ga wata Baturiya mai katafaren jirgi ta kira shi ya sauya mata banɗakunanta, ta ce ya ɗauki tsofaffin in yana so. Ɗaya daga ciki na lantarki ne, fari tas, ko shekara bai yi ba. Maɓalli ɗaya za ka danna da yatsa, injin ciki ya niƙe komai ya tura tanki, ruwa ya wanke. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kushe na lantarki, ranar rungumo shi ya yi a kwalekwale, ya lulluɓe shi da rigarsa kada ruwa ya fantsama masa.

Ya yi aikin da bai taɓa yi wa wani Bature ba. Sabon tiyo, sabuwar waya mai kauri, batir na musamman da faifan sola nasa shi kaɗai, don kada wuta ta taɓa yankewa. Maɓallin ya kafa shi a hagu, daidai inda yatsanta zai sauka. Da ya gama sai murna ta ɗauke masa hankali. Ya leƙa gada ya ƙwala wa masu domino kira su zo su gani.

Suka zo kuwa, har da Bienvenido masunci, wanda ya riƙe Yudelka ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompai, wato abokin riƙon ɗa. Suka cunkushe a ƙofa suna leƙe. Casilda tana zaune a gefe da mayafi a kafaɗa, kanta a ƙasa. Nicanor ya ce su saurara, ya danna.

Kai! Abin ya yi wata irin kururuwa, gurrrr, jirgin duka ya ɗauka, har tsuntsayen kurmi suka tashi. Ruwan mashigin nan kwance yake kamar a faranti, ko tari ka yi a wannan ƙarshe ana ji a wancan.

Bienvenido ya riƙe ciki. “Kompai, wannan banɗaki ne ko injin markaɗe? Gobe in aiko da tattasai?”

Aka fashe da dariya. Nicanor ma ya yi, har da hawaye, don a kunnensa ƙarar ’yar gunaguni ce kawai, kuma dariyar yabo ya ɗauke ta. Ya juya ya ce, “Tsohuwa, kin gani? Yatsa ɗaya! Yudelka ta zo ta ɗauke ki mu gani.” Casilda ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana kallon fuskarsa. Ta ce, “Ya yi kyau, Nica. Allah Ya saka.”

To, ku da kuka san bakin mutanen gada, ba sai na faɗa muku abin da ya biyo baya ba. Nicanor yakan fita aiki tun da safe. Da zarar injin ya yi gurrr, sai wani a teburin domino ya buga ƙwayarsa ya ce, “Doña ta kunna markaɗe.” Wani ya ce, “Na biyu ke nan yau, jiya an ci wake.” Yaran da ke tsalle cikin ruwa suka koyi kwaikwayon ƙarar da baki. Ba mugunta ba ce, in ji su daga baya. Wasa ne. Tir da irin wannan wasa! Ƙatti da furfura, ba su da aikin yi sai ƙirga shigar tsohuwa banɗaki, kuma a tsammaninsu wadda jikinta ya shanye kunnenta ma ya shanye.

Nicanor ya ji zancen markaɗen sau ɗaya ko biyu, ya ɗauka tallar aikinsa ake yi.

Al’adarsa ce ranar Lahadi bayan coci ya ɗaga katakon ƙasa ya ƙwanƙwasa tankin da bayan yatsa, don ya san ko lokacin kwashewa ya yi. Lahadi ta farko ya ji shi daidai. Ta biyu ya ji da sauran wuri da yawa. Ta gaba ya ƙwanƙwasa, tankin ya amsa masa kamar ganga. Kusan babu komai a ciki. Shi wuni yake a jiragen mutane, can yake biyan buƙatarsa, saboda haka abin da ke shiga tankin nata ne. Tanki kuma in ba ya cika, a iliminsa ma’ana ɗaya ce, yana yoyo. In Yudelka ta zo ta ji wari a jirgi, magana ta ƙare.

Ya daina fita aiki da wuri, ya shiga farauta. Ya naɗe kowane tiyo da tsumma ya sansana, babu wari. Ya kwanta rub da ciki ya shafa gindin jirgi, a bushe. Ya duba bawul ɗin da ke raba hanya ko ya juya yana zubarwa a teku, yana nan inda ya bar shi. Ya zare ɗan robar nan mai kama da bakin agwagwa da ke hana ƙazanta dawowa, lafiyarsa lau, amma ya sauya shi duk da haka. Ya hau sama ya tsokaci bututun numfashin tanki ko zanzaro ya yi gini a ciki, don sun saba, babu komai. Har bula ya jiƙa a bokiti ya zuba ya danna maɓalli, ya bi layin da tocila yana neman ɗigon shuɗi. Ko ɗaya.

Kwana da kwanaki kansa yana cikin rami, ƙafafunsa a waje. Daga can yake mata magana.

“Tsohuwa, kin sha maganinki?”

“Na sha.”

“Abin nan zai haukata ni. Ina yake bi?”

“Ka bar shi haka, Nica. Ka fito ka huta.”

“In bar shi? Kirsimeti fa ta matso!”

Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan mai ɗakin bai sani ba. Da ya ɗago kai sau ɗaya ya dubi matarsa kamar yadda yake duban tiyo, da ya ga leɓunanta sun tsattsage, idanun sun faɗa, butar ruwan da yake cika mata da safe tana nan yadda ya ajiye ta. Ga zafin da aka yi a wannan shekara, ko kare ba ya fita rana. Allah sarki Nicanor, so ne ya makantar da shi, ba rashin so ba.

Doña Tomasa ce ta buɗe masa ido, mai suyar kifi da ayaba a bakin gada. Ta saba kawo wa Casilda romo da rana. Ran nan ta sauko, ta tarar da shi a ƙasa kamar kullum, ta dubi Casilda, ta ajiye kwanon da ƙarfi.

“Likita, fito.”

“Ina zuwa, Doña, saura...”

“Na ce ka fito! Yoyon me kake nema? Babu abin da ke fita don babu abin da ke shiga. Yaushe rabon da ka ji injin nan ya yi ƙara da rana? Au, na manta, kai ba ka ji. To mu muna ji. Sau ɗaya take shiga, da asuba, lokacin da masunta suka tayar da injinansu gaba ɗaya. In ta kuskure wannan, sai gobe. Romona a ruwa take juye shi, na gani da idona. Na yi mata magana ta ce in na gaya maka ba ni ba ita. To ga shi na faɗa, ta tsine mini.”

Nicanor ya fito da rarrafe. Ya kama hannun matarsa, ya ji shi da zafi kamar an ɗauko daga murhu. Ya ce, “Casilda?” Ta buɗe ido ta dube shi, ta kira shi da sunan wanta da ya daɗe da rasuwa.

A bayan motar ɗaukar kifi aka kai ta asibiti a garin Puerto Plata, kanta a cinyar Tomasa. Likitan gaske ya ce ƙodojinta ne. Ya ce dama hawan jini ya raunana su, ga magungunan da take sha, sai kuma aka bar su babu ruwa a cikin wannan zafi. Ya tambayi Nicanor ko babu mai kula da ita a gida. Yudelka da ta iso ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta dube shi kawai ta wuce ɗakin uwarta.

Sai da aka kwana biyu ana ƙara mata ruwa hankalinta ya dawo. Nicanor ya zauna a bakin gadon, hularsa a gwiwa.

“Tsohuwa, don me? Kalma ɗaya fa. Da kin ce mini yana da ƙara, wallahi da ranar zan tumɓuke shi in jefa a teku.”

Ta juyo da kai ta dube shi. Sannan ta ce, a hankali, don bakin bai gama saki ba, “Ba ka ga fuskarka ba ranar da ka ɗaura shi. Tun da na kwanta ban ga haƙoranka ba sai ranar. In ce maka me? In ce ka cire?”

“To ki sha ruwa mana, su yi ta dariyarsu!”

“Kai namiji ne,” in ji ta. “Ba za ka gane ba.”

Ya kifa kai a kan zanen gadon ya yi kuka, kukan da ’yarsa ba ta taɓa jin ya yi ba. Casilda ta ɗora hannun hagu a ƙeyarsa. Ta ce ya isa haka, mutane na kallo.

Aka wuce da ita babban asibiti a Santiago. Nicanor ya koma Luperón da abu ɗaya a ransa, wa’adin bai cika ba tukuna. Ya tumɓuke na lantarkin, ya bar shi a kan gada, duk mai so ya ɗauka. Masu domino suka sunkuyar da kai da ya wuce. Bienvenido ya taso yana murza hula ya ce, “Kompai...” Nicanor ya ce, “Ba yau ba.”

Abin da ya kamata ya tuna tun farko, da kyautar Baturiya ba ta rufe masa ido ba, shi ne matarsa tana da ƙafar hagu lafiyayya. Ya samo famfon roba irin na kwashe ruwan jirgi, ya kai wa mai walda ya ƙera masa abin takawa, ya kafa shi a ƙasa ta hagu. Ya naɗe kowane ƙarfe da tsohuwar tayar keke, ya cusa soso a duk inda abu zai iya gogar katako. Ya kwance ya sake ɗaurawa, ya sake kwancewa. Ba ya cin abinci sai Tomasa ta tsaya a kansa.

Da ya gama bai yarda da kunnensa ba, ya riga ya san abin da suka jawo masa. Ya je ya kira Tomasa ita kaɗai. Ya ce ta tsaya a gada daidai tagar banɗakin ta kasa kunne. Ya shiga ya taka, ya taka, ruwa ya zagaya ya share tas. Ya leƙo.

“Kin ji wani abu?”

“Ka fara ne?”

“Na gama ma.”

“Ban ji komai ba, Likita.”

“Ki rantse.”

“Na rantse da ’ya’yana. Ko motsi.”

Ya wanke hannu da sabulu da lemun tsami, ya sa riga mai tsabta, kamar wayar za ta gan shi, ya kira Yudelka. Bai bari ta gama gaisuwa ba ya fara zuba mata bayani, abin takawa, ƙafar hagu, ba batir, ba ƙara. Ta bar shi ya kai aya.

“Baba,” in ji ta, “ƙodojin ba su tashi ba. Sun ce wankin ƙoda za a riƙa yi mata, kwana ɗaya a tsallake ɗaya, har iya rayuwarta. A nan injin yake. Babu shi a Luperón.”

“To in an gama wankin...”

“Ba a gamawa, Baba.”

Ya zauna a kan matakala. Ya ji ’yar tasa tana jan hanci, sannan ta ce ga Mama tana son magana.

“Nica.”

“Tsohuwa. Na yi miki na ƙafa. Ba ya ƙara ko kaɗan, Tomasa ce shaida, ta tsaya a bakin taga ba ta ji komai ba.”

“Madalla,” in ji ta. “Na san za ka iya.” Ta ɗan numfasa. “Ka ba Tomasa gwangwanayena, kada su bushe. Ka cire mini hoton Maryamu ka taho da shi. Sannan ka rufe famfon ƙasa.”

Famfon ƙasa shi ne wanda ke can gindin jirgi, inda ruwan teku ke shigowa banɗaki. Mai jirgi ba ya rufe shi don zai je kasuwa ko zai kwana biyu a wani gari. Sai in zai daɗe, ko bai san ranar dawowa ba. Matar Likita ce, ta san abin da ta faɗa.

“Casilda, ko sau ɗaya ba ki gwada shi ba.”

“Na sani. Ka rufe ka taho, ni kaɗai ce a nan sama.”

Ya ɗaga katakon ya durƙusa. Hannun famfon ya ƙi motsi, don tun ranar da suka tare a jirgin ba a taɓa rufe shi ba. Shi da ya sha yi wa Turawa faɗa a kan su riƙa motsa nasu. Ya ɗiga masa mai, ya jira, ya sa tsumma ya kama da hannu biyu. Sai da ya sa ƙarfinsa duka sannan ya juya.

Da la’asar ya fito da jaka ɗaya da hoton a hammata. Bokitinsa da kayan aikinsa ya bar su a kwalekwale. Bienvenido ne ya karɓi jakar, ya riƙe masa har bakin titi, ya tsayar masa da ɗan acaɓa. Nicanor ya hau, ya ce a kai shi tashar motar Santiago.

Casilda ba ta kai bikin Ista da rai ba.